Ranar da Kusan-Dakta Ya Tashi Gawayi

Mijin yayata wankin kwalabe yake yi a wani ɗakin gwaje-gwajen ruwa, amma idan ka ji shi da yamma a bakin shagon Tela sai ka rantse shi ya ƙirƙiro ruwan.

"Ni da Dakta kusan ɗaya muke," haka yake cewa, yana nufin shugabar ɗakin gwajin. "Takarda kawai ta fi ni."

Daga nan unguwa ta laƙaba masa Kusan-Dakta, shi kuma da yake Allah bai hore masa gane zagi ba, sai ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Duk mako zai dawo da farar rigar aiki a leda, Yaya ta wanke, ni in goge, ya ce mana tasa ce. Hannun rigar a gwiwar hannunsa yake tsayawa, maɓalli kuma ba ya haɗuwa a kan tumbinsa, amma na bar wa cikina.

Mu sana'armu wanki da guga. Yaya ke wanki, ni ke guga, shekara goma sha ɗaya ke nan. Abin da ke riƙe da gidan shi ne zannuwan gadon wani masauki, guda arba'in duk mako, farare tas. Da su ake ci, da su yara ke zuwa makaranta. Albashin maigidan kuwa a turare da man takalmi yake ƙarewa.

Tun da aka buɗe kamfanin rini a bayan unguwarmu ruwan rijiya ya fara fitowa shuɗi-shuɗi. A bokiti ba ka gani sosai, sai zani ya bushe a igiya. Wata Litinin Manajan masaukin ya zo da kansa, ya ɗaga zani ɗaya a rana, ya yamutsa fuska.

"Hajiya, farin zani na kawo ko sararin samaniya?"

Yaya ta ba shi haƙuri.

"Haƙuri ba ya wanke zani. Asabar da safe zan dawo in ga ruwan da kuke ɗauraya da shi da idona. In na ga ko ɗigon launi, masu injin wanki sun daɗe suna bi na."

Bayan tafiyarsa Yaya ta zauna a bakin kwamin wanki ta yi tagumi. Ba mai yawan magana ba ce. Can ta ce za mu zubar da ruwan tanki, mu yi jigilar mai kyau daga famfon bakin kasuwa, jarka-jarka, ko bayanmu zai karye. Muna cikin maganar sai ga maigida ya shigo yana kaɗa makulli a yatsa, makullin da ba na mota ba, ba na ofis ba.

"Jarka?" ya ce. "Matar masanin ruwa da jarka a ka? So kike a yi da ni a gari? Wannan ai ƙaramin aiki ne. Gawayi! Gawayi yana cin rini."

"Wane gawayin?" in ji Yaya.

"Na girki mana. Amma akwai sirri. Da kunnena na ji Dakta tana gaya wa baƙi: gawayin gida barci yake yi, sai an tashe shi yake kama datti, idan ya ƙoshi a zubar a sa sabo."

Na ce, "Mijin yaya, kana ina lokacin da take wannan bayani?"

"Ina cikin taron."

"Ta wane gefe?"

"Gefen famfo. Ke 'yar guga, me kika sani? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai."

"Shi ya sa na ga kan ne kawai ya yi fari."

Washegari da ya taso aiki sai ga Mai Gawayi biye da shi, da buhu uku a baro. Dattijo ne mai son jin ƙwaƙwaf, don haka da ya sauke bai tafi ba.

"Malam, taro za a yi a gidan?"

"Kimiyya za a yi."

Kusan-Dakta ya naɗe hannun riga, ya durƙusa gaban buhun farko, ya bubbuga shi a hankali kamar mai tashin baƙo. Ya kasa kunne. Shiru. Ya ɗauko kwano da ludayi ya dinga kwankwatsawa a kan buhun har karen maƙwabta ya kama haushi. Tela ya leƙo ta kan katanga da allura a baki.

"Lafiya? Wa ya suma?"

"Gawayi ake tashi," na ce.

Mai Gawayi ya gyara hula. "Shekara talatin ina kwana ɗaki ɗaya da gawayi, Malam, ban taɓa jin ya yi minshari ba."

"Shi ya sa har yau kake tura baro," in ji Kusan-Dakta. "Wannan barcinsa nauyi gare shi. A kawo min turmi."

Abin da lallami bai tasa ba duka zai tasa, in ji shi. Ya dinga zuba gawayin a turmin Yaya yana kirɓawa yana faɗin "Tashi! Tashi!" har buhu uku suka koma gari lilis. Baƙar ƙura ta turnuƙe tsakar gida, ta haura katanga. Tela ya kwashe yadin da yake ɗinki ya rufe shago yana zage-zage. Farar kazar maƙwabciyarmu da ta shigo kiwo ta koma gida baƙa wuluk, uwar gidanta ta kore ta da tsintsiya wai ba tata ba ce.

Sai gwaji. Ya cire safarsa ɗaya, ya cika ta da garin gawayi, ya sa na riƙe kofi a ƙasa, ya tsiyaya ruwan rijiya ta sama. Abin da ya sauko kofin, da ka tsoma alƙalami sai ka yi rubutu.

"To ga shi," na ce. "Shuɗin dai ya tafi."

"Magagi ne. Bai gama wartsakewa ba." Ya dafe goshi yana tuno sauran abin da ya jiyo daga gefen famfo. "Yauwa! Zafi da tururi. Ta ce da zafi da tururi."

Ya tattaro 'yan dunƙulen da suka tsira daga taɓarya, ya hura su a kasko har suka yi jajir. Mai Gawayi ya ce, "Malam, ja da baya." Ya ce masani ba ya ja da baya daga aikinsa. Ya sunkuya, fuska dab da garwashi, ya tuttula ruwa daga buta.

Fuuu! Toka da tururi suka yi sama. Da hayaƙin ya washe sai ga mijin yayata zaune dirshan a ƙasa, babu gira ko ɗaya, gashin baki kuma saura na hagu.

"Ya tashi," in ji Mai Gawayi, "kuma da alama bai ji daɗin tashin ba."

Wani mai kunya da nan ya tsaya. Amma kofin nan na safa an manta da shi a kan taga, da gari ya waye garin gawayin ya kwanta a ƙasa, saman ya yi garau. Kusan-Dakta ya gan shi ya kurma ihu har Yaya ta yar da sabulu. Ya riƙe kofin ta gindi, tafin hannunsa ya rufe baƙin taɓon da ke ƙasa, ya bi unguwa shago-shago yana nunawa.

"Asabar da safe kowa ya zo gidana! Za a buɗe sabuwar fasaha. Manajan masauki ma zai halarta."

Na ce ya ɗaga hannunsa mu ga gindin kofin. Ya ce hassada ga mai rabo taki ce.

Yaya ta tare shi a ƙofar ɗaki. "Baban yara, yi wasanka da kofi da safa, ban hana ka ba. Amma tankina, don girman Allah, kada ka taɓa."

"Na ji," ya ce, yana shafa inda gira take a da.

Kwana uku, da zarar ya fita aiki, mu ma sai mu fita. Mun zubar da ruwan rijiyar da ke tanki, mun wanke shi, muka dinga jigila daga bakin kasuwa muna hawa benci muna juyewa. Wuyana har yau idan na tuna sai ya amsa. Da yamma zai dawo ya tarar da mu kwance kamar matattu, ya tsallake jarkokin da ke tsakar gida, ya tambayi abinci. Ko sau ɗaya bai ce me kuka yi yau ba.

Ranar Alhamis ya kawo farar rigar, ya ce a sa mata sitaci sosai don ita zai sa ranar taro. Ni ke laluba aljihu kafin a jiƙa kaya. Na ci karo da ɗan kati mai sunan Dakta da lambar wayarta. Shaiɗan ya raɗa min, ni kuma ban yi masa gardama ba. Na kira, na gaishe ta da ladabi, na ce muna gayyatarta bikin buɗe fasahar mataimakinta.

"Mataimakina?" ta ce. "Kwatanta min gidan."

Juma'a da safe Yaya ta wanke zannuwa arba'in da ruwan da muka tara a duro, ta jera su cikin kwami a ƙarƙashin famfon tanki, saura ɗaurayar ƙarshe a gaban Manaja. Da rana muka tafi kasuwa sayen sabulu. Abin da ba mu sani ba, maigida ya taso aiki da wuri, ya hau benci, ya buɗe tankin, ya juye garin gawayi buhu uku a cikin ruwan da muka karya baya a kai, ya mayar da murfi ya goge yatsunsa. Masanin ruwa guda bai san wane ruwa ne a tankin gidansa ba.

Asabar da hantsi tsakar gida ta cika. Tela ya zo da kujerarsa, Mai Gawayi ya zo da abokai biyu da ya yi wa alkawarin kallo kyauta. Manaja ya iso cikin farar shadda yana duba agogo. Can baya kusa da ƙofa na hango wata mata 'yar siririya da tabarau ta harɗe hannu, ba wanda ya kula da ita.

Sai ga Kusan-Dakta ya fito cikin farar riga, ya zana gira da kwalli, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya hau benci ya yi gyaran murya.

"Jama'a, shekaru na yi ina bincike. Turawa sun nema sun rasa. Ruwan da ke cikin tankin nan jiya shuɗi ne kamar na marina, amma na zuba masa tasasshen gawayi buhu uku."

Bokitin da ke hannun Yaya ya faɗi.

"Wane tankin?" ta ce.

"Kwantar da hankalinki, uwar yara. Kallo ya isa."

Ya buɗe murfi, ya kamfato daga sama da kofin gilashi, ya ɗaga a rana. Garau. Yo ba dole ba, ruwan famfo ne da ya kwana ya kwanta. Mutane suka ce "Kai!" Har Tela ya tafa sau biyu kafin ya tuna yadinsa. Manaja ya gyaɗa kai, ya matso bakin kwami.

"To a buɗe mu gani."

Yaya ta yunƙura. "Baban yara, tsaya! Bututun a ƙasa yake, duk abin da ka zuba can ya..."

"Mace da gaggawa," ya ce wa taron, aka yi dariya. Ya diro ya murɗa famfo.

Famfo ya yi tari. Ya yi gurnani. Ya ɗigo baƙin abu sau uku a kan zanin sama, ya yi shiru.

"Ya koma barci," in ji Mai Gawayi.

"Yanzu zan tashe shi."

Kafin wani ya riƙe shi ya rarumo taɓarya ya maka wa bututun. Na farko bututu ya jure. Na biyu mahaɗin ya fita fit, baƙin kunu mai kauri ya yi tsartuwa kamar an yanka jijiya. Ya wanke zannuwa arba'in, ya wanke Manaja daga hula har takalmi, ya bi Tela har kan kujerarsa. Kusan-Dakta ya danne bakin bututun da tafin hannu, abin ya rabu biyar, kowa ya samu rabonsa. Mata na ihu, maza na tsallake juna a ƙofa. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago.

Da tankin ya gama amai sai ga gwanin tsaye a tsakiya, ba abin da ke fari a jikinsa sai ido. Amma baki bai mutu ba.

"Jama'a, kada ku ruɗe! Dattin ne yake fita. Baƙin launi ne kawai, ruwan kansa tsarkakakke ne. Ku gani."

Ya tara kofi ya kafa kai. Kurɓa ɗaya ya yi, idanunsa suka firfito, ya tsaya da kumatu a cike, ya rasa haɗiyewa ya rasa tofarwa.

"Haɗiye mana, Dakta," in ji Tela yana matse rigarsa. "Kimiyya ce."

A nan matar mai tabarau ta tako a hankali tana tsallake taɓo. Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Wannan rigata ce?"

Ya haɗiye.

"Ran... ranki ya daɗe."

"Rigar da kake ce min kamfanin wanki kake kai wa?"

"Ga kamfanin nan," na ce, na nuna Yaya. "Ni ce sashen guga."

Mai Gawayi ya matso da hularsa a hannu. "Ranki ya daɗe, ki raba mu da gardama. Da gaske gawayi yana barci?"

Dakta ta cire tabarau ta goge. "Baba, misali na yi wa baƙi don su gane. Ɓawon kwakwa muke ƙonawa a rufaffen tanderu mai tsananin zafi, mu bi shi da tururi, sai ya buɗe ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. A nan rinin ke maƙalewa. Shi na kira tashi. Bayan haka a wanke shi, a tankaɗe, a zubar da garin, tsakin ake ɗurawa a bututu tsakanin yashi da tsakuwa. Kuma sai mun auna ruwan kafin mu ce ya gyaru, don ruwa na iya yin garau da guba a ciki." Ta juya wurinsa. "Kai da kake wanke rariyar kullum, ba ka taɓa tambayar me ake tankaɗewa ba?"

Girar kwallin ta gangaro masa har kumatu.

Dakta ta leƙa rijiya, ta sa aka jawo guga ɗaya, ta ɗaga ruwan a rana. Fuskarta ta canza.

"Tun yaushe yake haka?"

"Wata biyar," in ji Yaya.

"Wata biyar." Ta juya a hankali. "Wata uku da suka wuce na tara ku na ce muna neman gida kusa da kamfanin rini, mu kafa matatar gwaji kyauta, mu riƙa zuwa muna dubawa. Na tambaye ka kai da kanka, don na san ta nan kake. Me ka ce min?"

Ya hau goge hannu a jikin rigar, ita ta ba kanta amsa.

"Ka ce ruwan unguwarku kamar hawaye yake, kada in wahalar da kaina."

Yo ina zai bari ta zo? Ta zo, 'yan unguwa su ji wane ne mataimaki, ita kuma ta ga wane ne kamfanin wanki? Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan da ya rufta da mu ya rufta. Ni da na kira ta don in sha dariya, sai ga shi babu abin dariya.

Manaja bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya sa direbansa ya kwashe zannuwan a jiƙe, baƙaƙe, ya zuba a bayan mota. Yaya ta bi shi har ƙofa.

"Ranka ya daɗe, shekara goma sha ɗaya..."

"Na sani, Hajiya. Ba ni da matsala da hannunki." Ya dubi maigidan. "Amma ba zan iya kawo kayana gidan da wannan yake kwana ba."

Motar ta tashi. Yaya ta tsaya a ƙofa har ƙararta ta ɓace, sannan ta dawo tsakar gida. Cikin waɗanda suka rage ba wanda ya tafi, kowa na jiran ta fashe. Ba ta fashe ba. Ta ɗauki bokitin da ya faɗi ta kife shi, ta goge hannu a zani, ta dubi Dakta.

"Ranki ya daɗe, akwai abu ɗaya da ya ce kin faɗa. Wai idan gawayi ya ƙoshi ba ya ƙara amfani, sai a zubar a sa sabo. Shi ma ƙarya ne?"

"A'a, wannan gaskiya ne."

Yaya ta juya ta dubi mijinta, baƙi ƙirin daga kai har ƙafa, tumbi ya turo tsakanin maɓallan rigar da ba tasa ba.

"To shekara goma sha tara nake ciyar da wannan," ta ce. "Ya daɗe da ƙoshi."

Tela sai da aka riƙe shi. Mai Gawayi ya zauna a cikin baronsa yana share hawaye.

Bayan mako biyu Dakta ta aiko ma'aikata suka kafa matatar, bututu biyu dogaye a jikin katanga. Yanzu ruwanmu garau yake fitowa, an auna an tabbatar, maƙwabta har layi suke yi da bokiti. Igiyoyin shanya guda shida ne a tsakar gidan, biyar babu komai a kansu. Kullum da safe Yaya takan tara ruwan a tafin hannu ta daɗe tana kallo, sannan ta rufe famfo ta ɗauki kwando, mu bi gida-gida muna tambayar masu wanki.

Maigidan dai ba ta zubar da shi ba, saboda yara. Amma kwandon shi yake ɗauka ranar da ba aiki, a ka, ta gaban shagon Tela. Idan ya makara a gado, Yaya ba ta ɗaga murya. Taɓaryar take ɗaukowa ta jingina a bakin ƙofa, sai ka ji ya diro.